Aikin auna ƙura a Tahoua: abinda muke rubutawa tun farkon hunturu

16 Nuwamba 2024

To bismillah, yau munka hau da kayan kan rufin aji, ni da ɗalibaina tara 'yan tarminal. Tun bara nike son wanga aiki, kuɗi da lokaci sunka hana. Abinda muke nema mu gane shi ne ƙurar nan da ke lulluɓe mu kowace shekara daga Nuwamba har Maris, mi take yi wa hasken rana, mi kuma take yi wa zafi da sanyin gari. Kowa a Tahoua ya san hazo, ya san kaushi da tsagewar leɓe da tari, amma ka tambayi yaro hasken da bai iso ƙasa ba ina ya tafi, sai ya yi shiru yana kallonka. Shekara da shekaru ina koyar da fizik, littafin da muke aiki da shi ko layi ɗaya bai yi a kan ƙura ba, alhali ita ce ke kwance kan tabur ɗin da muke buɗe littafin.

Kayan namu ba su da yawa. Panno biyu ƙanana iri ɗaya masu maida hasken rana lantarki da na saya a kasuwa, miltimetir guda na auna lantarkin da suke bayarwa, tarmometir biyu irin mai riƙe lambar zafi mafi yawa da mafi ƙanƙanta, farantan roba huɗu da munka cika da wankakkiyar tsakuwa don in ƙura ta sauka iska kada ta sake kwashe ta, sai skoci da farin kwali da kaye. Panno ɗaya za a goge shi kullum da safe, ɗayan ba mai taɓa shi. Wanda ake gogewa shi zai gaya muna labarin ƙurar da ke sama, wanda ba a gogewa kuma labarin wadda ta kwanta kan gilashi. Awo ƙarfe 1 na rana kullum, an raba ranaku tsakanin yara.

4 Disamba 2024

Hazo na gaske ya sauka tun jiya da dare. Da hantsi rana ta zama kamar farin faranti anka rataye a sama, ba inuwa ko ta mutum ko ta bedi, kuma daga ƙofar lakwal ba ka hangen ƙarshen titi. Na hana yara ƙura mata ido duk da haka, don ido na iya ƙonewa ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Pannon da anka goge tas da safe ya ba da abinda bai kai na shekaranjiya ba ko kusa. Wata ɗalibata ta ce, Mushe (haka suke kirana, wato Malam), ai mun goge shi, mi ya sa ya ragu? Wannan tambayar nike jira tun ran farko. Na ce mata gilashin dai tsab yake, amma tsakaninshi da rana akwai ƙura mai kaurin gaske a sama. Hasken da ya ci karo da ƙwayar ƙura abu biyu ke samunshi. Ko dai ƙwayar ta watsa shi, wani ya koma sama wani ya iso ƙasa ta gefe-gefe, shi ya sa sama duka take yin fari fat kuma inuwa take ɓacewa. Ko kuma ta shanye shi, ya zama zafi a cikin ita ƙwayar da iskar da ke kewaye da ita, can sama. Duka biyun suna rage abinda ke isowa kan panno, amma ga yanayi ba ɗaya suke ba sam, na farkon sanyaya duniya yake, na biyun ɗumama sama yake yi ya bar ƙasa da sanyi.

An taɓa auna wannan da manyan na'urori a ƙasarmu. A 2006 masu bincike na Amurka sun girka kayansu a filin jirgin Yamai shekara guda, lokacin babban shirin nan na binciken damina da ake kira AMMA, kuma a farkon Maris na shekarar wata gagarumar ƙura ta taso daga Sahara ta rufe garin, hasken da ke isowa ƙasa da tsakar rana ya ragu da kusan wat 250 a kowace murabba'in mita. Tsakar rana mai haske tana ba da wajen wat 1000. Na rubuta lambobin a allo, yara sunka yi lissafin da kansu sunka ga kashi ɗaya cikin huɗu ne.

15 Disamba 2024

Mun sauke faranti karo na farko. Mun zuba ruwa kaɗan mun ɗauraye tsakuwar, mun bari ya kwanta, mun shanya, abinda ya rage munka manna da skoci kan farin kwali da kwanan wata a ƙasa. Abin mamaki ga yaran, ƙurar ba ja ba ce. Fara-fara ce kamar toka da anka cuɗa da garin gero, laushi kamar hoda, in ka murza ta tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Ƙasar filin lakwal kuwa ja-ja ce. Sai wani yaro ya ce, to ashe ba tamu ba ce.

Gaskiyarshi, yawancinta baƙuwa ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma a arewacin Cadi akwai wani kwari mai suna Bodele, kusa da Faya, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi kamar an danne bakin tiyo. Wurin gindin tsohon Tabkin Cadi ne, lokacin da tabkin yake ƙato shekaru dubbai da sunka wuce, da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Wannan kwarin yana cikin wuraren da sunka fi ko'ina tada ƙura a duniya duka. Ba na cewa kowace ƙwaya a farantinmu daga can take, iska na tsintar wata a hanya ta Tenere da Ayar da Azawak, amma launin ya nuna inda rinjaye yake.

11 Janairu 2025

Mun yi asarar mako bakwai na pannon da ba a gogewa. Baba mai gadi ya hau rufi gyaran wata waya, ya ga panno ɗaya fes ɗaya ya yi butu-butu, sai tausayi ya kama shi ya sa gefen rawaninshi ya goge muna shi tas. Da ya gaya mani da murnarshi na rasa ta cewa. Na ce, Baba, Allah ya saka da alheri, amma dattin nan shi muke karatu. Ya daɗe yana ba da haƙuri, ni ma na ba shi, don ban taɓa zaunar da shi na yi mishi bayanin aikin ba. Yanzu mun ɗaura jan ƙyalle a jikin pannon, mun sake ƙirga daga yau.

Amma zaman da munka yi ya biya asarar. Da na gama bayani ya ce, Malam, ni da nike kwana waje shekara ashirin da wani abu, daren da hazo ya yi kauri ba ya cizo kamar daren da taurari sunka fito tar, ranar hazo ce ke da sanyi amma darenta da sauƙi. Na ɗauko kaye munka duba tare, kuma a mafi yawan kwanakin da anka rubuta hazo mai kauri, zafin rana ya sauka, sanyin asuba kuma bai kai na sauran kwanaki ba. Dalilin shi ne da dare ƙasa tana fitar da zafin da ta tara da rana, a matsayin wani haske da ido ba ya gani, in sama ta washe sai ya wuce abinshi gari ya yi sanyi ƙarara, in kuwa akwai ƙura, musamman manyan ƙwayoyi, sai ta tare wani sashe ta maido shi ƙasa kamar an yafa wa gari mayafi. Na roƙe shi ya zo aji ya faɗa da bakinshi, ya zo ran Litinin, yara sunka yi tsit.

26 Janairu 2025

Kwalin wanga mako ya fi na baya duhu, akwai ɗigo-ɗigo baƙi a ciki. Farantin da ke kusa da katanga ne ya fi, kuma bayan katangar ana ƙona shara kowace yamma, ga hayaƙin icen girki na unguwa. Kunkunniya ta fi ƙura shan haske nesa ba kusa ba, ɗan kaɗan ya isa ya ɓata launin. Mun matsar da farantin, mun sa alama a kwalin.

15 Fabrairu 2025

Wanga shi ne makon da na fi jin daɗi tun da munka fara, zan ɗan tsawaita.

Tambayar ita ce, mi ke cikin ƙura da ke shan haske? Don yashi zalla da farar ƙasa da yumɓu mai haske kusan watsa shi kawai suke. Amsar tsatsa ce. Ƙarfen da ke cikin ƙasa wanda ya haɗu da iska ya yi tsatsa, iri biyu ne manya, ja da masana ke kira hematit da rawaya mai ruwan ƙasa da suke kira gotit. Ba su da yawa, 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari na nauyin ƙura, amma su ne ke ba ta launi kuma su ne ke yin kusan duk shan hasken. Kuma ba kowane haske suke sha daidai ba, shuɗi da abinda ya wuce shuɗi suke haɗiyewa, su bar ja ya wuce ko ya dawo ido, shi ya sa muke ganin marmara ja.

Na ce kowane yaro ya kawo ƙasar garinsu a leda. Sai ga jar ƙasar fako daga wajen Badagishiri, ga rairayin jigawa mai ruwan zuma, ga baƙar lakar fadama daga Majiya, ga wata fara sol da wani ya samo daga bakin rijiya da ake haƙa. Mun daka, mun tankaɗe da rariyar gari ta wajen inna, mun sake tacewa da ƙyallen atamfa har sai da ya zama hoda. Mun zuba a murafan gwangwani iri ɗaya, kauri ɗaya, mun jera a rana ƙarfe 12, bayan minti 30 kowa ya ɗora bayan hannu kafin a sa tarmometir. Farar tana da ɗumi kawai, jar kuwa sai da wata yarinya ta janye hannu da sauri, baƙar ta fi duka. Na ja kunnensu cewa wannan ƙasa ce a kwance, ba ƙura a iska ba, a sama girman ƙwaya ma yana da nashi tasiri, amma tushen abin ɗaya ne.

Wani yaro ya zo da maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ce tunda ƙarfe ne bari ya janye shi. Ya yi ta gogawa cikin jar ƙasa, 'yan baƙaƙen ƙwayoyi kaɗan ne sunka manne, jan ya zauna abinshi. Ya ce, Mushe, to ina ƙarfen? Na ce tsatsar ja ba ta bin maganaɗisu sai da ƙyar, baƙaƙen da ka kamo wani iri ne dabam. Ya ɓata rai amma ya rubuta, kuma ni na fi son wannan shafin nashi da duk sauran.

Sai wata yarinya da kakarta ke ginin tukwane ta ce ai yumɓun da kaka ke aiki da shi ba ja ba ne, sai an gasa tulu yake yin ja. Wallahi na ji kamar in tashi tsaye. Abin kenan, in wuta ta ci rawayar tsatsa sai ruwan da ke ɗaure a jikinta ya fita ta koma ja. Mun sa rairayin mai ruwan zuma a murfin gwangwani kan garwashin mai shayi na bakin ƙofa, kafin ya gama dafa na biyu gefen da ya fi shan wuta ya fara komawa ja-ja.

Akwai binciken da anka buga a 2019, wata masaniya Claudia Di Biagio da abokan aikinta a Faransa, sun tattaro ƙasa kala 19 daga hamadun duniya, sun tada ƙurarta cikin wani babban tankin gwaji sun auna yadda kowace ke shan haske. Ta Bodele tsatsarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ta Nijar kuwa ta haura kashi 5, tana cikin waɗanda sunka fi shan haske a duka jerin. Wato ƙurar da ta fito daga gonakinmu ta fi baƙuwar ɗumama sama. Wannan maganar ta tsaya mani a rai.

12 Maris 2025

Azumi, ga zafi ya fara shigowa. Na rage hawan rufi, yara biyu kawai a rana kuma su sauko nan take. Uku cikin tara suna fama da tari da jan ido. Na tuna musu lokacin sanƙarau ne, busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, duk wanda ya ji zazzaɓi da sanƙarewar wuya a gidansu kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi likita.

Pannon mai jan ƙyalle wata biyu kenan ba gogewa, ana iya rubuta suna a kai da yatsa, kuma tazarar da ke tsakaninshi da ɗan'uwanshi kullum ƙaruwa take. Yara sun fara tambayar yadda ake wanke dubban panno a tashar lantarkin hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da anka buɗe a 2018, ina neman hanyar kai su su gani. Takardar da na rubuta wa wani ofis tun Disamba ina roƙon lambobin nisan gani na kowace rana don mu gwada da namu, har yau ba amsa, na je sau biyu an ce in dawo.

19 Afrilu 2025

Hazon hunturu ya tafi, saura zafin bazara mai narka kwalta. Mun zauna ƙarƙashin bedi mun jera kwalaye 18 bisa tabarma, daga fari-fari na Disamba zuwa na yanzu da sunka fara ɗaukar ruwan ƙasa, don guguwa ce ke tashi da rana tana kwasar ta gida.

Sun tambaye ni kai tsaye, to Mushe ƙura ɗumama duniya take ko sanyaya ta? Na ce ya danganta da launinta, da girman ƙwayarta, da abinda ke ƙarƙashinta. In ta bi ta kan teku mai duhu, ta fi tekun haske, sai ta maida hasken rana sama, sanyi kenan. In ta bi ta kan farin rairayin Tenere wanda dama shi ke maida haske da kanshi, sai ta zama ita ce mai duhun, ta sha hasken da ke sauka ta kuma sha wanda ke komawa, ɗumi kenan. Wani nazari na 2023 da Jasper Kok na jami'ar Kalifoniya ya jagoranta ya ƙiyasta ƙurar duniya ta ƙaru da wajen kashi 55 cikin 100 tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma in an haɗa komi ta ɗan fi karkata ga sanyayawa, wato ta ɓoye wani ɗan sashe na ɗumamar da hayaƙin masana'antu ya jawo. Saboda launin nan ne ma hukumar NASA ta maƙala wata na'ura mai suna EMIT a tashar sararin samaniya a 2022, aikinta ta leƙo hamadu ta zana taswirar inda jar tsatsa take da inda fara take.

Abinda ya fi damuna ni shi ne ruwa. In sama ta ɗumama ƙasa ta yi sanyi, iskar ƙasa ba ta samun ƙarfin hawa, kuma hawan nan ne ke gina hadari. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, ana tara ƙurarmu ana aunawa tun 1965, kuma a shekarun farin 1970 da 1980 abinda ke isa can ya ninka sau da yawa. Iyayenmu da sunka ga 1973 da 1984 ba su bukatar a gaya musu. Fari na tone ƙasa, ƙasa na tashi sama. Wani yaro ya ce to ai asara ce zalla, na ce ba duka ba, awon tauraron ɗan'adam da anka buga a 2015 ya nuna tan miliyan 182 ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kusan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon ɗauke da sinadarin fosfor, taki kenan. Ya ce, takin gonar babana ne ya tafi can. Ban musa mishi ba.

2 Yuni 2025

Jiya bayan la'asar jan hadari ya taso daga gabas. Ina gida na ga bango ja tun daga ƙasa har sama yana tafiya kamar dutse ya tashi, awaki na kuka, mata na kwashe shanya, kafin in rufe taga gari ya koma kamar an kunna jar fitila sannan ya yi duhu, sai da munka kunna tocila. Jan nan da ke cikin iska shi ne abinda munka yi magana a Fabrairu, shuɗin an shanye shi, ja kaɗai ya iso. Ruwan da ya biyo baya bai jiƙa ƙasa ba ma.

Da safe faranti biyu sun tafi da iska, ɗaya munka tsinta bayan masallaci. Biyun da sunka tsira sun tara a dare ɗaya abinda ya fi na makonni da dama na hunturu, ja wur, mai kaushi, ana jin shi a haƙori. Mun manna shi kusa da kwalin 15 Disamba, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wannan tamu ce, daga gonakin da anka share anka bari tsirara ana jiran shuka, da fako da ba ko ciyawa.

Shi ya sa munka canza shirin hutu. Yaron Majiya ya ce a garinsu akwai layukan bedi masu tare iska da anka fara dasawa tun 1975, yarinyar Keita kuma ta ce tudun bayan garinsu duk ramukan rabin wata ne da itatuwa tun aikin da anka fara a 1984. Kowanensu zai tafi da faranti biyu, ɗaya cikin gonar da ke da kariya ɗaya a fili, su sauke duk ran Juma'a har shuka ta rufe ƙasa. Na sayi ƙarin faranti da igiyar ɗauri, wannan karon za a ɗaure su da turke. Saura skoci, ya ƙare, kuma jarabawar bak ta matso, don haka awon ƙarfe 1 ni da Baba mai gadi za mu riƙe shi har su gama, na koya mishi karanta miltimetir jiya da safe, yau shi ya rubuta lambar da hannunshi.